Fitilun Motata Sun Dushe: Ƙwai Mai Ƙarfi Zan Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Gusau, kuma harkata takan sa ni bin hanyar Funtuwa zuwa Zariya, sau da yawa ba na samun dawowa sai bayan sallar isha'i. Motata 'yar Beljiyam ce ƙirar 2006, kuma fitilunta na gaba sun dushe ƙwarai, har ba na hango rami sai na kusa faɗawa cikinsa. Mai wayarin ɗina ya ce in sayi ƙwai mai wat 100, wani abokina kuma ya ce in sa farin ƙwan nan na LED da ake yayi. Wanne ya fi? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka sayi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna. Ranar da motarka ta fito daga masana'anta fitilunta suna da hasken da ya isa a yi tafiyar dare da shi, kuma abin da ya faru tun daga wancan lokaci shi ne hasken yana ta zurarewa kaɗan-kaɗan, wani a fuskar fitilar, wani a cikin wayoyi, wani kuma yana tafiya inda ba ka buƙatarsa saboda saitin ya goce. Idan ka dawo da wannan hasken da ya ɓace, mai yiwuwa ne ka tarar ba ka buƙatar ƙari.

Ka fara da tsayawa a gaban motar da rana ka dubi fuskar fitilun da kyau. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 gilashi ne a fuskar fitilarsu, shi ya sa har yau za ka gan shi garau idan bai fashe ba, amma yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau roba ce mai tauri, wadda aka shafe da wani siririn fenti marar launi domin ya kare ta daga zafin rana. Ranar ƙasarmu da ƙurar da iska ke watsa wa mota a guje suna cinye wannan fenti, daga nan robar ta fara yin rawaya, ta yi dishi-dishi, ta riƙa tare hasken tana kuma warwatsa wanda ya samu ya wuce. A shekarar 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada fitilun da suka lalace irin haka, ta gano cewa hasken da suke bayarwa bai wuce kashi 22 cikin 100 na hasken sabuwar fitila ba. Duk wanda ya taɓa karatun dare da fitilar kananzir ya san cewa idan gilashinta ya yi baƙi da hayaƙi, ɗaga lagwani ba ya ƙara haske, sai dai a cire gilashin a goge.

Gyaran nan ba shi da tsada, amma yana da ƙa'ida. Ana rufe fentin mota da ke kewaye da fitilar da salatif, sannan a goge fuskar da samfefa ana zuba ruwa, a fara da mai ɗan kaushi kamar lamba 800 ko 1000, a koma 2000, a ƙare da 3000, a bi da man goge fenti har ta yi sheƙi. Matakin da masu gyaran bakin hanya suka fi tsallakewa shi ne na ƙarshe, wato fesa sabon fenti marar launi mai kariya daga rana, kuma idan ba a yi shi ba robar za ta koma rawaya cikin 'yan watanni, domin samfefar ta kwashe ɗan abin da ya rage na tsohuwar kariyar. Man goge baki yana ɗan taimakawa na ɗan lokaci. Man birki kuwa, wanda wasu ke shafawa don fitila ta yi ƙyalli nan take, ka guje shi, saboda yana cin roba yana kuma ɓata fentin mota. A gwajin da na ambata, fitilar da aka goge ta dawo da kusan kashi 70 cikin 100 na haskenta, wato fiye da ninki uku na abin da take bayarwa kafin a taɓa ta, ba tare da an canza ƙwai ba.

Yayin da kake duban fuskar, ka leƙa ciki. Bayan ƙwan akwai kwano mai sheƙi wanda shi ne ke tattara hasken ya tura shi gaba, kuma abin da ke sa shi sheƙi ɗan siririn shafen alminiyam ne da ko tsumma aka goga masa sai ya kankare. Idan ka ga ya yi toka-toka, ko ya ƙone a saman ƙwan, ko akwai alamar ruwa ya taɓa kwanciya a ciki, to babu gogewar da za ta dawo da shi, sai dai ka nemi wata fitilar mai kyau a kasuwar kayan gyara, irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka duba kwanonta a hasken rana kafin ka biya. Ka kuma tabbata murfin robar da ke bayan fitilar yana nan, domin sau da yawa ana cire shi wajen canza ƙwai a manta ba a mayar ba, kuma ta nan ƙura da ruwa ke shiga.

Abu na gaba shi ne wutar da ke isa ga ƙwan, kuma a nan ne nake ganin mai wayarin ɗinka zai fi yi maka amfani fiye da shawarar da ya ba ka. Ƙwan halojin, wato irin wanda motarka ta zo da shi, an auna haskensa ne a kan bolt 13.2, kuma ba ya yafe ƙarancin wuta ko kaɗan. Idan bolt ɗaya tak ya ragu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ya tafi, idan kuma raguwar ta kai kashi 10 cikin 100, to kusan kashi 30 cikin 100 na hasken ne ya tafi. A tsohuwar mota wutar fitila tana bin doguwar hanya, daga batir zuwa fis, zuwa makunni, ta ratsa soket-soket da suka yi tsatsa kafin ta iso, kuma kowane mahaɗi yana ɗan gutsurar rabonsa. Ka sa a tayar da inji a kunna fitilu, a ɗora mita a kan batir. Ya kamata a ga tsakanin bolt 13.8 da 14.4, idan kuma bai kai haka ba, to altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ko bel ɗinta za a fara dubawa. Daga nan a auna a bayan ƙwan kansa yana kunne. Idan bambancin awon biyu ya wuce rabin bolt, akwai hasken da za a iya ƙwatowa. Wani lokaci kankare tsatsar soket da ɗaure wayar atin, wato wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota, ya wadatar. Idan bai wadatar ba, sai a sa rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, guda biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful, a jawo musu wuta kai tsaye daga batir da waya mai kauri kamar milimita 2.5, ta yadda tsohon makunnin zai zama aikinsa kawai shi ne ya umarci rile ya saki wuta. Ina roƙonka ka tsaya a kan mai aikin har ka ga ya sa fis a kan sabuwar wayar kusa da batir, domin wayar da aka jawo daga batir babu fis ita ce ke cinna wa mota wuta ranar da ta goge da ƙarfe. Sababbin motocin da kwamfuta ke sarrafa fitilunsu ba a yi musu wannan aiki da ka, sai wanda ya san tsarinsu.

Sai saiti, wanda ba ya cin ko kwabo idan kana da sukundireba da haƙuri. Ka sami wuri shimfiɗaɗɗe da bango a gabansa, ka tabbata iskar tayoyi daidai take kuma babu kaya a but, ka tsayar da motar mita 10 daga bangon bayan magariba. Ka auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa, ka ja layi da alli a bangon daidai wannan tsawo, sannan ka kunna dim. A jikin fitilun motocin Turai da yawa za ka ga an rubuta 1.0% ko 1.2%, ma'ana a nisan mita 10 iyakar hasken ta sama za ta sauka santimita 10 ko 12 ƙasa da layin da ka ja, sannan ta ɗan haura a ɓangaren dama domin ta haska gefen hanya. Idan motar daga Amurka ta fito iyakar ba za ta fito sosai haka ba, amma wurin da hasken ya fi ƙarfi ya kamata ya kasance ƙasa da layin kuma ya ɗan karkata dama. Akwai noti biyu a bayan kowace fitila, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu, kodayake wasu motocin Amurka na sama da ƙasa kaɗai gare su. Fitilar da ta sunkuya da yawa tana cika gaban mota da haske mai daɗin gani amma ta bar nesa cikin duhu, kuma wannan haske na kusa yana sa ƙwayar ido ta tsuke, ganin nesan ya ƙara raguwa. Tun da ka ce kai ɗan kasuwa ne, ka tuna cewa buhuna a but suna danne bayan mota su ɗaga gabanta, dim ɗinka ya koma yana dukan idon mai tahowa. Motoci da yawa suna da ɗan faifai kusa da sitiyari mai lamba 0 zuwa 3, kuma aikinsa ke nan: a ƙara lambar idan an yi lodi, a mayar 0 idan an sauke.

Yanzu sai batun ƙwai. Shi ma halojin yana tsufa, haskensa yana raguwa tun kafin ya mutu, saboda haka idan ƙwayayenka sun daɗe ka canza su duka biyun a lokaci ɗaya, da irin lambar da ke jikin tsohon, ko H4 ce, ko H7, ko 9006. Kada ka taɓa gilashin sabon ƙwai da yatsa, domin maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da sauran jikinsa ya mutu da wuri. Ka kuma duba ya zauna daram a mazauninsa, domin ƙwan da ya karkace ko da kaɗan ne yana ɓata tsarin hasken gaba ɗaya. Kamfanoni irin su Osram da Philips suna yin ƙwayaye masu wat 55 da aka tsara su tura haske nesa fiye da na yau da kullum, kuma suna aiki, sai dai ba sa daɗewa kamar na yau da kullum, kuma jabunsu ya yi yawa a kasuwa, don haka ka saya a wurin wanda ka amince da shi.

Ƙwai mai wat 100 ba na ba ka shawararsa. Ƙwan da motarka ta zo da shi yana jan wutar da ta kai amfiya 4 zuwa 5, shi kuwa wannan yana jan 7 zuwa 8, kuma zafin da waya ke yi a wannan ƙarin yana kusan ninkawa uku. Wayoyin da tun farko suka gaza kai isasshiyar wuta ga ƙwai mai wat 55 za su ƙara gazawa, ta yadda za ka biya kuɗin wat 100 ba ka samu haskensa ba, sannan soket ya narke, makunni ya ƙone, kwanon fitilar da ba ya gyaruwa ya babbake.

Shi kuma LED, motocin da suka zo da shi daga masana'anta haskensu yana da kyau ƙwarai, domin an tsara fitilar ne tun farko saboda shi. Matsalar tana wajen cusa ƙwan LED cikin fitilar da aka tsara wa halojin. Kwanon fitilarka an lanƙwasa shi ne domin ya karɓi haske daga wani ɗan siririn zare da ke wuri guda takamaimai, kuma idan hasken ya fito daga wurin da ya goce ko da milimita ɗaya ko biyu ne, ko ya fito ta ɓangarori biyu maimakon ko'ina, sai kwanon ya watsa shi sama da gefe. Direba yana ganin fari fat a gabansa yana jin daɗi, alhali nisan ganinsa sau da yawa bai ƙaru ba, mai tahowa kuma an kashe masa ido. A Jamus sai a 2020 hukuma ta fara amincewa da ƙwan LED da zai maye gurbin halojin, kuma ko a lokacin ba izini na gama-gari ta bayar ba, sai ga nau'o'in motocin da aka gwada ƙwan a cikin fitilarsu. Idan duk da haka ka ƙudura sai ka sa, ka gwada shi a bangon nan kafin ka biya: idan iyakar hasken ta sama ta fito a yanke kamar yadda halojin ya nuna, da sauƙi, idan kuwa haske ya fantsama sama da layin allin, ka mayar wa mai shi. Wannan batu ina ɗaukarsa da nauyi, domin a hanya mai hannu biyu irin wadda kake bi, direban tirelar da ka dallare wa ido wajenka yake tahowa, kuma akwai masu babur da masu tafiya a ƙasa a gefen hanya da shi ma ba zai gani ba a 'yan daƙiƙun nan.

Ko an gyara komai, dim mai kyau yana nuna maka hanya ne kimanin mita 50 zuwa 70. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma daga lokacin da ka ga abu zuwa lokacin da za ta tsaya cak a busasshiyar kwalta tana buƙatar kusan mita 100. A gudun kilomita 60 kuwa mita 45 ta isa. Saboda haka duk lokacin da ka sauke zuwa dim domin mai tahowa, ka sauke ƙafarka daga totur tare da shi. Wannan lissafi yana cikin dalilan da ke sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take yawan jan hankalin jama'a game da tafiyar dare.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar asibiti ce a Katsina, shekaruna sun haura hamsin, kuma ina tuƙa kaina zuwa aikin dare. A lokacin hunturu idan na kunna ful sai in ga kamar farin bango a gabana, sannan fitilun motocin da ke tahowa suna damuna fiye da da. An ce ƙwai mai shuɗin haske zai taimaka.

Amsa: Hajiya, wanda ya gaya miki haka bai taimake ki ba. Ƙwan halojin mai shuɗin gilashi yana samun farin launinsa ne ta hanyar tace wani ɓangare na hasken, wato abin da ke fita ya ragu ke nan, kuma haske mai shuɗi-shuɗi ya fi damun ido. Farin bangon da kike gani kuwa haskenki ne da kanki yake dawo miki, domin ful yana harba haske sama zuwa daidai tsawon idonki, ƙurar hazo ta mayar da shi. A cikin hazo dim ake amfani da shi, tare da ƙananan fitilun da ke ƙasan bamba idan motar tana da su, saboda suna kusa da ƙasa kuma haskensu yana shimfiɗuwa a kan kwalta ya nuna gefen hanya. Ki sa a riƙa goge fuskar fitilun da jiƙaƙƙen tsumma kullum a wannan lokaci, kada a goge ƙura a bushe domin tana karce robar. Gilashin gaba kuma a wanke shi ciki da waje, domin akwai wani ɗan dishi-dishi da ke taruwa ta ciki wanda ba a lura da shi da rana, amma da dare shi ne ke sa fitilar mai tahowa ta bazu a fuskar gilashin. Idan an manna wa gilashin gaban baƙar leda, a cire ta.

Sashe na biyu na tambayarki ya fi kama da batun ido fiye da batun mota. Yawan hasken da ke isa cikin idon mai shekara sittin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon mai shekara ashirin ba, kuma ido yana ƙara jinkirin farfaɗowa bayan an haska shi. Damuwa da fitilun dare da ganin zobe kewaye da su suna cikin alamomin farko na yanar ido, wadda ake cirewa da ƙaramin aiki. Tun da a asibiti kike aiki, ki nemi a duba idanunki ba da jinkiri ba, a auna har da hawan jinin ido, musamman idan kina da ciwon suga. Kafin nan, idan mota ta taho da haske mai ƙarfi, ki mayar da dubanki gefen dama na hanya ki rage gudu har ta wuce, madubin tsakiya kuma ki danna ɗan maɓallin da ke ƙasansa domin ya rage hasken na bayanki.

Tambaya: Na sayi motar da aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu. Ko a dim nake, masu tahowa sai sun yi ta ƙyafta mini fitila, ni kuma ba na ganin gefen hanyata sosai. An yi saiti sau biyu bai gyaru ba. Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Malam, saiti ba zai gyara wannan ba, domin matsalar a ƙirar fitilar take. Motar da ta zo da sitiyari a dama an yi ta ne domin ƙasashen da ake tuƙi a hannun hagu, irin su Japan da Ingila, kuma dim ɗinta an tsara shi ya haura ta hagu, inda gefen hanyarsu yake. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, saboda haka a hanyoyinmu wannan haurawar tana faɗawa ne a idon mai tahowa, gefenka na dama kuma, inda masu keke da dabbobi suke, ya zauna cikin duhu. Masu juya sitiyari sukan bar fitilun yadda suka zo. Ka haska bango ka gani: idan iyakar hasken ta haura ta hagu, to ka tabbatar. A fitilun da ke ɗauke da tambarin Turai mai harafin E, kibiya mai kai ɗaya kusa da tambarin tana nufin fitilar ta tuƙin hagu ce, mai kai biyu tana nufin ana iya juya ta ta yi kowane ɓangare, wadda ba ta da kibiya kuma ita ce irin tamu. Wasu fitilun masu dunƙulen gilashi a gaban ƙwai suna da ɗan ƙarfe a ciki da ake turawa ya daidaita hasken, don haka ka sa a duba wannan tukuna. Idan babu shi, sai ka sayi fitilu biyu na irin motarka waɗanda aka ciro daga mai sitiyari a hagu, a ɗaura su, sannan a yi saitin a nisan mita 10 kamar yadda na bayyana wa mai tambaya na Gusau.